Abincin 'Yan Makaranta A Jalingo: Abin Da Ya Wajaba Iyaye Da Malamai Su Sani

Wannan jawabi ne da aka tsara domin karantawa a tarurrukan iyayen yara da na ƙungiyoyin 'yan Arewa mazauna biranen Kudu.

Sarakunan Hausawa na zango-zango, malamai, dattawa, iyaye maza da iyaye mata, da sauran 'yan'uwa waɗanda neman halaliya ya kai su Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal da Kalaba, Allah Ya ba da sa'a, Ya sa a koma gida lafiya.

Maganar yau a kan abincin yara 'yan makaranta ce, da yadda za a koya musu su san abin da ya kamata su ci. An ɗauki Jalingo, hedkwatar Jihar Taraba, ta zama abin misali saboda dalilai biyu. Na farko, da yawa daga cikin mazauna Kudu sun baro iyalinsu a can ko a garuruwa irinta, kowane wata suna aika kuɗin cefane, amma ba kowa ne ya san abin da ke shiga bakin ɗansa tsakanin safiya da azahar ba. Na biyu, Taraba ƙasa ce mai albarkar noma. Idan yaro ya rame ko ya tsumbure a irin wannan ƙasa, to, lalle akwai wani abin da ya kamata a bincika bayan maganar damina da ƙasar noma.

Jalingo Da Arzikin Ƙasarta

Jalingo ta zama mazaunin sarautar Muri tun wajen 1893, zamanin Sarki Muhammadu Nya. A 1976 ta shiga Jihar Gongola, sa'an nan ran 27 ga Agusta, 1991, aka ƙirƙiro Jihar Taraba mai ƙananan hukumomi 16 a yau, Jalingo ta zama hedkwatarta. Tun daga lokacin garin ke ta bunƙasa, Fulani da Mumuye da Kona da Hausawa da Jukun da Tibi da sauran ƙabilu suna zaune tare, suna cin kasuwa ɗaya.

Wanda ya zaga kasuwar Jalingo zai ga abin da ƙasar ke bayarwa. Doya tana zuwa daga Zing da Wukari da kasuwar Ɗan Anaca. Shinkafa da kifi suna fitowa daga fadamun kogin Binuwai da na kogin Taraba, watau wajen Lau da Karim Lamido da Gassol da Ibi. Manja yana zuwa daga kudancin jihar, wajen Takum da Kurmi. Tsaunin Mambila yana ba da shanu da ayaba da fiya, ga kuma ganyen shayi na Kakara. Masara da dawa da gyaɗa da riɗi da wake da waken suya kuwa, ana noma su kusan ko'ina. Wani ɓangare na doyar da ake saukewa a kasuwannin Kudu daga wannan ƙasa ake lodinta, kuma 'yan Arewa ne ke dakonta, su ne ke sayar da ita.

Duk da haka, samun abinci a kasuwa bai tabbatar da cewa yana isa kwanon yaro ba. Tsada tana hanawa, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Rashin sani shi ma yana hanawa, kuma shi ne makaranta ke da ikon magancewa.

Abin Da Ƙididdiga Ta Nuna

Binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57, a Arewa maso Gabas inda Taraba take ya kai kashi 49, alhali kuwa a Kudu maso Gabas kashi 18 ne. Har wa yau binciken ya nuna kashi 68 cikin 100 na ƙananan yara suna da ƙarancin jini. Da aka sake irin wannan bincike a 2023 zuwa 2024, sai aka tarar tsumburewa ta hau zuwa kashi 40 a ƙasa baki ɗaya.

Wannan abin kunya ne, kuma abin tunani ne. Yankin da ke ciyar da ƙasa da hatsi da nama da albasa da tumatir shi ne yaransa suka fi fama da tamowa.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan. Yawancin ɓarnar tsumburewa tana aukuwa ne tun daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, kwanaki 1,000 ke nan. Kafin yaro ya shiga aji ɗaya, abin da ya rasa a wancan lokaci da wuya ya dawo duka. Wani zai ce, to, mene ne amfanin koyarwa a makaranta? Amfanin a fili yake. Yarinyar da ke aji biyar a yau ita ce ke goyon ƙaninta, ita ke dama masa kunu in uwa ta tafi gona ko unguwa, kuma nan da 'yan shekaru ita ce uwa. Yaron da ke zaune kusa da ita shi ne mai ba da kuɗin cefane na gobe. Abin da aka koya musu yanzu, 'ya'yansu ne za su ci moriyarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bugu da ƙari, ɗan makaranta shi kansa yana bukatar abinci domin karatun da ke gabansa. Masana sun gano cewa ƙwaƙwalwar yaro ɗan shekara 5 tana cinye fiye da kashi 40 cikin 100 na ƙarfin da jikinsa ke amfani da shi a yini. Yaron da ya fito gida bai karya ba, ko kuwa jininsa ya yi ƙasa, shi ne ake gani yana gyangyaɗi da hantsi, malam ya ɗauka lalaci ne ko daƙiƙanci, ya kai masa bulala. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Abinci Kashi Uku Ne

Darasin farko da ya kamata kowane yaro ya haddace shi ne, abinci kashi uku ne, kuma kwano bai cika ba sai ukun sun haɗu.

Kashi na farko shi ne mai ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, shinkafa, doya, rogo, dankali, gwaza, sai mai, irin su manja da man gyaɗa da man shanu. Wannan shi ne itacen da ke hura wutar jiki. Yawancin gidaje ba su rasa shi ba, sai dai shi kaɗai suke dogara da shi.

Kashi na biyu shi ne mai gina jiki: wake, waken suya, gyaɗa, gujiya, riɗi, agushi, daddawa, nono, ƙwai, kifi, nama, har da fara. Da shi tsoka da jini da ƙashi ke ginuwa. Yaron da ake cika wa ciki da kunu tsura ko rogo tsura, ba tare da wannan kashi ba, shi ne ƙafafunsa ke kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi. Wata likita, Cicely Williams, ita ta fara bayyana wannan ciwo ga likitocin duniya a 1933, lokacin tana aiki a ƙasar da ake kira Gana yanzu, daga baya ta kira shi da sunan da mutanen Ankara ke kiransa, watau kwashiyoko.

Kashi na uku shi ne mai tsare jiki daga cuta: ganyaye da 'ya'yan itatuwa. Zogale, kuka, rama, yakuwa, alayyafo, tafasa, lalo, karkashi, kuɓewa, kabewa, karas, tumatir. Sai mangwaro, gwanda, gwaiba, lemo, kashu, tsamiya, ɗinya, kanya, magarya da goruba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na irin waɗannan a kowace rana, watau kamar cikin tafin hannu biyar.

Abin farin ciki shi ne, kakanni sun riga sun haɗa waɗannan tun kafin zuwan boko. Hatsi yana da ƙarancin wani sinadari na ginin jiki wanda wake ke da shi da yawa, wake kuma yana da ƙarancin wanda hatsi ke da shi, saboda haka in an haɗa su sai su cike wa juna giɓi. Ga shinkafa da wake, ga ƙosai da koko, ga fura da nono, ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ga kunun gyaɗa wanda mutanen Taraba da Adamawa suka shahara da shi. Malamin da zai koyar da wannan darasi ba ya bukatar hoton tufa ko na cuku daga littafin Ingila. Abin da ke tukunyar gida ya ishe shi misali.

Ƙananan Abubuwa Masu Babban Aiki

Akwai wasu sinadarai da jiki ke bukatarsu kaɗan-kaɗan, amma rashinsu yana da mummunan sakamako. Uku daga cikinsu sun cancanci a koya wa yara da sunan ciwon da ke biyo bayan rashinsu, don ta haka za su fi riƙewa.

Rashin bitamin A yana kawo dundumi, in ya yi tsanani ya kai ga makanta, kuma yana raunana jiki gaban ƙyanda da gudawa. Ana samunsa a manja, hanta, ƙwai, mangwaro, gwanda, karas, kabewa da korayen ganyaye. Sai dai manjan da aka ƙona har ya yi fari ya rasa yawancin amfaninsa. Tun 2002 doka ta tilasta wa masana'antun Nijeriya su sa wannan bitamin a sukari da fulawa da man girki, kuma akan ga alamar ido a jikin leda ko galan. A 2011 aka fitar da irin rogo mai launin rawaya, a 2012 aka fitar da irin masara mai ruwan lemo, dukkansu masu ɗauke da shi, bisa aikin masanan cibiyar binciken noma ta IITA da ke Badun tare da abokan aikinsu. Haka nan akwai dankalin Hausa mai ruwan lemo a ciki.

Rashin sinadarin aidin yana kawo maƙoƙo, kuma yana dushe basirar yaro tun yana ciki. Wannan ciwo ya fi yawa a ƙasashen tsaunuka, inda ruwan sama ya wanke sinadarin daga ƙasa. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishiri. Abin da za a koya wa yara shi ne a sayi gishiri na cikin leda mai alama, a riƙa rufe shi, kada a bar shi a rana ko kusa da murhu.

Rashin sinadarin ƙarfe yana kawo ƙarancin jini. Ana samunsa a nama, hanta, kifi, wake da ganyaye. Ɗan lemo ko gwaiba ko tumatir tare da abinci yana taimakon jiki ya tsotse shi, shayi mai kauri kuwa yana rage tsotsar. Tsutsar ciki da zazzaɓin cizon sauro suna ƙara zubar da jinin, shi ya sa maganar abinci ba ta rabuwa da wanke hannu, sa takalmi, shan maganin tsutsa da kwana cikin gidan sauro.

Sauran abin lura biyu ne. Yawan kanwa da daɗewar ganye a wuta suna kashe wasu bitamin. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna kuwa suna ɗauke da guba mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Saboda haka ba daidai ba ne a sayar da mai kyau a ajiye wa yara ruɓaɓɓiya.

Ciyarwar Gwamnati Da Iyakarta

Ba yau aka fara tunanin haɗa makaranta da abinci ba. A 1976, shekarar da aka buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, a cikinta ne gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka umurci makarantu da barikoki da ma'aikata su yi gonaki da lambuna. Dattawa da yawa suna tune da fartanyar makaranta ta wancan zamani. A 2005 aka gwada ciyar da 'yan firamare a wasu jihohi, yawancinsu suka watsar, Jihar Oshun ta riƙe.

A 2016 Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin ciyar da 'yan makaranta da amfanin gonar gida, aka ware Naira 70 ga kowane yaro a rana, daga aji ɗaya zuwa aji uku. Taraba ta shiga a 2017, aka ɗauki mata masu dafa abinci daga cikin unguwanni. Gwamnati ta ce a ƙasa baki ɗaya yara fiye da miliyan 9 sun amfana. A 2022 aka amince a ɗaga kuɗin zuwa Naira 100. A watan Janairu na 2024 aka dakatar da shirin tare da sauran shirye-shiryen tallafin jama'a domin bincike, kuma a wannan shekara kuɗin ƙwai guda ya riga ya haura Naira 100. A ɓangaren jiha kuwa, a 2023 Gwamna Agbu Kefas ya ba da sanarwar ilmi kyauta a makarantun firamare da sakandare na gwamnati, abin da ya jawo ƙarin yara cikin azuzuwa.

Ko shakka babu, abinci a makaranta yana jawo yara, yana kuma zaunar da su. Amma tarihin da aka zayyana ya nuna cewa tukunyar gwamnati takan hau wuta ta sauka gwargwadon kasafin kuɗi da canjin mulki. Ko a lokacin da shirin ke tafiya, bai haɗa da 'yan aji huɗu zuwa shida ba, bai haɗa da ranakun hutu ba, kuma ɗimbin almajiran makarantun allo suna wajensa. Haƙƙin jama'a ne su nemi a ciyar da yara, a kuma bi sawun kowane kwabo. Sa'an nan kada su zauna jira. Ilmin da aka zuba a kan yaro ba a dakatar da shi da takardar ofis.

Wasu ƙasashe sun haɗa abubuwan biyu. A Japan akwai dokar abincin makaranta tun 1954, a 2005 kuma suka yi dokar koyar da ilmin abinci. Yara ne ke raba wa junansu abinci a aji, su ci tare da malaminsu, su share wurin, kuma ana lissafa wannan cikin karatu. A Burazil dokar 2009 ta wajabta a sayi aƙalla kashi 30 cikin 100 na abincin makaranta daga ƙananan manoma. Tarayyar Afirka ita ma a 2016 ta keɓe ranar 1 ga Maris ta kowace shekara domin tunawa da ciyar da 'yan makaranta.

Yadda Malami Zai Koyar

Manhajar firamare ta riga ta tanadi wurin wannan darasi cikin kimiyya da kiwon lafiya da aikin gona da tattalin gida. Matsalar ita ce yadda ake koyarwa. Yaro yakan haddace sunayen kashe-kashen abinci da Turanci, ya rubuta a jarrabawa, ya ci, ya koma gida bai san cewa miyar kukar da ya raina tana cikin abin da aka karanta masa ba. Ga hanyoyi biyar da ba su bukatar kuɗi mai yawa.

Na ɗaya, a koyar da harshen da yaro ke ji, Hausa ko Fulatanci ko Mumuye, a kuma yi amfani da abin da ido ke gani. Kowane yaro ya kawo ɗan abin da ke gidansu, ƙwayar wake ko ganye ko ɓarin doya, a zana da'ira uku a ƙasa, yara su sa kowane abu a mazauninsa.

Na biyu, a tambayi yara abin da suka ci jiya, a rubuta a allo ba tare da ambaton suna ba, sa'an nan aji ya nemo kashin da ya ɓace da abu mafi araha da zai cike shi. Lalle malami ya kiyaye mutuncin ɗan talaka, kada darasi ya zama abin gori.

Na uku, a farfaɗo da lambun makaranta. Zogale yana kamawa daga reshe ko iri, kuma cikin 'yan watanni ake fara tsinkar ganyensa. Alayyafo wata ɗaya zuwa mako shida ya isa yanka. Gwanda takan yi 'ya'ya cikin shekara guda. Ruwan da yara suka wanke hannu da shi, in an tara shi ya gangara, ya isa ba 'yan bishiyoyi. Abin da ake bukata shi ne shinge saboda awaki, da amana wajen rabon amfanin, don kada yara su yi noma wasu su kwashe.

Na huɗu, a shigar da maganar cikin lissafi. A ba yara farashin kasuwar ranar, su lissafa abin da kuɗi kaza zai saya na awara ko gyaɗa ko ayaba, su gwada da abin da zai saya na alewa.

Na biyar, a jawo mata masu sayar da abinci a bakin makaranta. Su ne ainihin masu ciyar da yara a kullum. Hedimasta da ƙungiyar iyaye da malamai su zauna da su cikin girmamawa, a yi yarjejeniya a kan rufe abinci, tsabtar ruwa, da samar da alale da ɗanwake da awara da dafaffiyar gyaɗa da 'ya'yan itacen da ake yayi.

Kuɗin Tara

A nan ne magana ta iso ga uban da ke Kudu. Kuɗin tara da ake ba yaro da safe, shi ne cefanen farko da yake yi da kansa a rayuwarsa. In ba a koya masa ba, biskit da alewa da ruwan zaƙi mai launi zai saya, domin su ne ke da ƙyalli, su ne kuma talla ke nuna masa. Waɗannan suna kashe yunwa na ɗan lokaci, suna ɓata haƙori, ba su gina komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, kada gishiri kuma ya kai giram 5 ga babban mutum, watau kamar ƙaramin cokalin shayi guda, na yaro kuwa ƙasa da haka. Taliyar leda da dunƙulen miya na kanti suna cike da gishiri. Nijeriya ma ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba a dokar kuɗi ta 2021. Ciwon sukari da hawan jini da a dā ake ce musu ciwon masu kuɗi, yanzu sun shiga gidan kowa, kuma ɗabi'ar da ke kai wa gare su tun ƙuruciya ake ɗaukarta.

Saboda haka uban da ya kira gida ta waya, bayan ya tambayi lafiya da karatu, ya tambayi abin da yaro ya karya da shi, da abin da ya saya da tara. In zai aika kuɗi lokacin kaka, ya ware na wake da gyaɗa da waken suya a saya a adana tun suna araha. In zai zo ganin gida, galan na manja da busasshen kifi sun fi katan na lemon kwalba amfani, ko da yake lemon ya fi sa yara tsalle. Uwa kuma a saurare ta, don ita ta san abin da kuɗin ke iya saya. Tsohuwar al'adar nan ta tara wa maigida nama a bar wa yara romo, da camfin cewa ƙwai yana sa yaro sata, ba su da tushe. Mai girma a jiki shi ya fi bukatar abin ginin jiki.

Yaran Da Ke Tare Da Iyayensu A Kudu

Waɗanda iyalinsu ke tare da su a Agege ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun da Shagamu, ko Ama Hausa ta Owerri, ko Bogobiri ta Kalaba, su ma maganar ta shafe su. A birni babu gona, babu bishiyar kuka a bayan gida, komai sai an saya, uwa kuma sau da yawa ɗaki guda gare ta. Sai yara su koma ga burodi da shayi da safe, garin rogo da sukari da rana, taliya da dare. Ciki ya cika, amma kashi ɗaya aka ci sau uku.

Maganin yana kusa. Kudu tana da manja da ganyen ugu da agushi da jatan lande da lemo da gwanda da kifin teku mai araha. Ganyen da Yarabawa ke kira ewedu shi ne lalo da aka sani a gida. Babu laifi Bahaushiya ta koyi miyar ganye wurin maƙwabciyarta Bayarabiya ko 'yar ƙabilar Ibo, ita kuma ta koya mata awara da kunun gyaɗa. Tsohon bokiti ko buhu da aka cika da ƙasa yana iya ɗaukar alayyafo a bakin ƙofa. Makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin zango ke gudanarwa kuwa, suna iya ware rabin sa'a a mako domin wannan darasi, tun da kula da amanar jiki da ta yara abu ne da addini ya yi umurni da shi.

Kammalawa

Abin da ake roƙo bai fi ƙarfin kowa ba. Hukumomin ilmi na Taraba su horar da malamai a kan wannan darasi, su nemi taimakon Kwalejin Aikin Gona ta Jalingo da Jami'ar Jihar Taraba wajen iri da dabarun lambu. Ƙungiyoyin 'yan gari mazauna Kudu, waɗanda suka saba tara kuɗi don biki da jana'iza da gyaran masallaci, su ɗauki makaranta guda a unguwarsu ta asali, su yi mata shingen lambu da randar wanke hannu, su kuma wakilta amintacce ya riƙa kawo musu labari kowane zangon karatu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowane uba kuma ya tabbata ɗansa ya san kashi ukun nan kamar yadda ya san sunan unguwarsu, ya kuma fita gida da safe da wani abu a cikinsa, ko da ɗumamen tuwo ne da miyar jiya.

Allah Ya raya zuriya, Ya ba su lafiya da ilmi mai amfani, Ya yi wa nema albarka, Ya zaunar da ƙasa lafiya.